Tambaya Da Amsa: Wai In Babban Banki Ya Zuba Dala A Kasuwa, Kuɗin Ƙasa Yana Miƙewa Kuwa?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan makon kusan duk akan abu ɗaya suka faɗo, wato shigar da manyan bankunan ƙasashe keyi cikin kasuwar canji don su ɗaga kuɗinsu ko su danne shi, toh sai na tsinto guda shida na haɗa waje ɗaya tunda amsar wannan tana shiga cikin ta wancan. Masu tambaya akan hannun jari kuyi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Salam Malam, barka da ƙoƙari. Ni dai kullum sai inji a labarai wai babban bankin ƙasa kaza ya zuba dala biliyan kaza a kasuwa don ya ceto kuɗinsu, kwana biyu kaga kuɗin ya ɗan farfaɗo, sati na zagayowa ya koma gidan jiya. Wai abun nan yana aiki kuwa ko dai zubar da dukiyar ƙasa kawai akeyi? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Yana aiki, amma ba irin aikin da mutane ke ɗora masa ba. Bara mu fara da yadda akeyinsa. Kuɗi ma kaya ne a wannan kasuwar, in masu neman dala suka fi masu sayarwa yawa dala ta tashi kuɗin gida ya faɗi, shine sai babban banki ya buɗe asusun ajiyarsa na kuɗaɗen waje ya fito da dala ya sayar wa bankuna, ya karɓi kuɗin gida a madadi, kaga dala ta ƙaru a kasuwa kuɗin gida ya ragu, farashi ya lafa. In kuma kuɗin ƙasar ne yayi ƙarfi fiye da yadda suke so, sai ayi akasin haka, a sayi dala a saki kuɗin gida. Iyakar dabarar kenan, ba wani siddabaru a ciki.

Inda gizo ke saƙar shine girman kasuwar. Bankin BIS, wato bankin manyan bankunan ƙasashe dake birnin Basel na Suwizalan, yana ƙidaya duk bayan shekara uku, a ƙidayar Afrilun 2022 ya samu ana cinikin canji na dala tiriliyan 7.5 a rana ɗaya tak a duniya. A rana fa nace. Toh ka ɗauki Japan, wadda tana cikin ƙasashen da suka fi kowa ajiya, sama da dala tiriliyan ɗaya gareta. Ranar 22 ga Satumban 2022 dala ta kusa yen 146, gwamnati ta shiga ta sayi yen, karo na farko tun 1998, ta kashe yen tiriliyan 2.8, nan take dala ta sauko kusan 140 kowa yayi ta tafi. Ba a cika wata guda ba dala ta wuce 146 ɗin, 21 ga Oktoba ta kusa taɓa 152, suka sake shiga da kuɗin da ya ninka na farko, jimillar abun da suka kashe a watannin biyu yen tiriliyan 9.2, wato sama da dala biliyan 60.

Me yasa ta dawo? Don abun da ke korar mutane daga yen yana nan ba a taɓa shi ba. A lokacin babban bankin Amurka ya kai kuɗin ruwa sama da kashi 3 cikin 100 kuma yana ta ƙarawa, na Japan kuwa yana ƙasa da sifiri, toh duk mai jari sai ya ranci yen kusan kyauta ya canza zuwa dala yaje ya ajiye inda ake biya, kuma kullum gari ya waye sai an sake yin haka. Yen bata samu sauƙi na gaske ba sai a Nuwamba da alƙaluman hauhawar farashi na Amurka suka fito da sauƙi, mutane suka fara lissafin cewa ƙarin kuɗin ruwan ya kusa ƙarewa, a Janairun 2023 dala ta sauko ƙasa da yen 130. A 2024 ma wasan bai canza ba, dala ta haura 160 a ƙarshen Afrilu suka kashe yen tiriliyan 9.8, farkon Yuli gata kusa da 162, suka ƙara tiriliyan 5.5, amma faɗuwar dala mai ƙarfi sai bayan da bankin Japan ya ƙara kuɗin ruwa ranar 31 ga Yuli, Amurka kuma ta kama hanyar ragewa.

Amma kar kace asara sukayi. Na farko dalar da suka sayar da tsada sun saye ta ne shekarun baya da arha, a takarda riba ma suka ci. Na biyu kuma, wanda yafi muhimmanci a wajena, sun hana faɗuwar ta zama gudun ceton rai, don akwai bambanci tsakanin kuɗi ya faɗi kashi 10 a wata shida da ya faɗi kashi 10 a kwana uku, na farkon ɗan kasuwa zai iya gyara lissafinsa, na biyun kuwa kowa tsayar da ciniki zaiyi. Abun da shigar banki ke iya baka kenan, ɗan sarari da rage gudu kafin a gyara ainihin matsalar ko iska ta juya da kanta. In akwai abun da ake jira ko ake gyarawa, kuɗin bai tafi a banza ba. In babu, toh gaskiyarka, rabon dala mai arha kawai akeyi wa masu son fita.

TAMBAYA: Malam ni ɗaliba ce ina karantar tattalin arziki, malaminmu yace shigar iri biyu ce, akwai wadda bankin ke komawa ya goge sawunta akwai wadda yake bari, wallahi ban gane ba. Kuma wai da gaske ne magana kawai ta jami'i tana motsa farashi ko ba a kashe ko sisi ba?

AMSA: Ƙanwata malaminku ya faɗi daidai. Ki duba, lokacin da banki ya sayar da dala ya karɓi kuɗin gida, wannan kuɗin ya fita daga hannun bankuna kenan, kuɗi yayi ƙaranci, in kuɗi yayi ƙaranci kuwa kuɗin ruwa tashi yake. Toh in bankin ya ƙyale hakan ta faru, shine wadda ba a goge ba, kuma tana da ƙarfi sosai don ba dalar kaɗai ke aiki ba, tashin kuɗin ruwan ne ke jawo masu jari. Amma sau da yawa gwamnati bata son kuɗin ruwa ya tashi don masu bashi da masana'antu zasu ji a jikinsu, sai bankin ya zagaya ta baya ya sayi takardun lamunin gwamnati daga bankuna ya maida musu daidai kuɗin da ya janye, yawan kuɗi ya koma yadda yake, kuɗin ruwa bai motsa ba. Wannan itace gogaggiyar, kuma akanta masana suka daɗe suna musu. Tun 1982 a taron manyan ƙasashe bakwai na Versailles aka sa kwamiti ya duba, rahotonsa na 1983 yace tasirinta kaɗan ne kuma baya daɗewa. Binciken da ya biyo baya ya ɗan sassauta, musamman a ƙananan kasuwanni inda dala miliyan ɗari ma abu ce, amma dai har yau ba wanda ya nuna cewa ita kaɗai tana juya akalar kuɗi na shekaru.

Batun magana kuma gaskiya ne, kuma nan ne daɗin abun yake. Masu cinikin canji abun da zai faru gobe suke saye, toh in banki ya shiga kasuwa kamar yana ce musu ne ga inda na dosa, in suka yarda zai bi bayan maganarsa da ƙarin kuɗin ruwa sai su riga shi yin aikin. Japanawa sun ƙware a wannan, da farko jami'i zai fito yace suna sa ido, gobe yace suna sa ido sosai, jibi yace a shirye suke su ɗau ƙwaƙƙwaran mataki, daga nan sai bankin ya bugawa manyan bankuna waya yana tambayar nawa kuke sayar da dala yanzu, ba tare da ya sayi komai ba, wannan wayar kaɗai tana sa wasu su tattara su gudu. Kuma suna zaɓar lokaci, shigar 29 ga Afrilun 2024 ranar hutu ce a Japan kasuwa ba cika, kuɗi kaɗan sai yayi ɓarna mai yawa. Sai dai barazana in tayi yawa ba a gani a ƙasa ba sai ta zama waƙa.

Misalin da za a fi kawo muku a aji shine yarjejeniyar otal ɗin Plaza a New York, 22 ga Satumban 1985, inda Amurka da Japan da Jamus ta Yamma da Faransa da Birtaniya suka haɗa baki a sauko da dala, kuma ta sauko, daga wajen yen 240 zuwa wajen 150 cikin shekara guda. In kina rubuta wannan a jarabawa ki ƙara da cewa dala ta riga ta fara gangarowa tun Fabrairun shekarar, motar da ta kama gangara suka tura, ai ko yaro ya sa hannu sai ta tafi, tura ta sama kan tudu shine aiki. Har ma gudun yayi yawa sai da suka sake zama a Louvre dake birnin Paris a Fabrairun 1987 don a taka birki. Ki riƙe wani abu guda kuma, tun shekarun 1960 masana irin su Mundell da Fleming suka nuna ƙasa bata haɗa abu uku a lokaci ɗaya, tsayayyen farashin canji, da barin kuɗi ya shiga ya fita yadda yaga dama, da yanka kuɗin ruwa yadda take so. Biyu zata ɗauka ta haƙura da ɗaya. Kusan duk labaran da zan bayar a ƙasa na masu son haɗa ukun ne.

TAMBAYA: Malam ni dattijo ne, na daɗe ina jin wai wani mutum ɗaya ya taɓa kayar da babban bankin Ingila. Ta yaya ɗan kasuwa zai fi gwamnati ƙarfi, ba ita ke buga kuɗin ba?

AMSA: Baba Allah ya ƙara lafiya. Ita ke bugawa, amma fam take bugawa, ranar kuwa ba fam ake nema ba, kuɗin Jamus ake nema, shi kuma bata da injinsa. Ga yadda akayi. A Oktoban 1990 Birtaniya ta shiga wani tsarin Turai na ɗaure kuɗaɗe da juna, aka tsayar da fam ɗaya akan mak 2.95 na Jamus, da sharaɗin kar ya faɗi ƙasa da wajen 2.78. Sai akayi rashin sa'a Jamus ta haɗe gabas da yamma a shekarar, kashe kuɗi yayi yawa, babban bankinta ya ɗaga kuɗin ruwa don kashe hauhawar farashi, Birtaniya kuwa tattalin arzikinta na kwance, mutane na rasa aiki, masu bashin gida na kuka, abun da take buƙata ragi ne amma ɗaurin nan ya tilasta mata ta riƙe kuɗin ruwa a sama. Kowa a kasuwa ya ga wannan, ba sirri bane.

Toh George Soros da ire-irensa sai sukayi lissafi mai sauƙi, mu ranci fam mu sayar wa bankin Ingila a farashin da yayi alƙawarin saye, in ya iya riƙewa asararmu 'yar kaɗan ce, in ya kasa fam ya faɗi mu sayo shi da arha mu biya bashi mu riƙe ragowar. Shi kaɗai cinikin da ya ƙulla ya kai wajen dala biliyan 10. Ranar Laraba 16 ga Satumban 1992 tun da safe bankin ke sayen fam biliyan bayan biliyan farashi ko gezau, da hantsi gwamnati ta ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 10 zuwa 12, shiru, bayan azahar ta sanar zata kai 15, nan ma shiru, don ba wanda ya yarda gwamnatin John Major zata iya barin jama'arta su biya kashi 15 ko na wata ɗaya, ƙarin sai ma ya nuna musu ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Da daddare ministan kuɗi Norman Lamont ya fito gaban 'yan jarida yace sun fice daga tsarin. Soros ya tashi da wajen dala biliyan ɗaya, baitulmalin Birtaniya kuma daga baya ya ƙiyasta asarar a fam biliyan 3.3.

Amma Baba ba shi kaɗai ya kayar dasu ba, sunansa ne dai ya fita, bankuna da kamfanoni da asusun fansho duk sun sayar, sarkin yawa ne yafi sarkin ƙarfi. Kuma abun mamaki bayan ficewar sai aka rage kuɗin ruwa har zuwa kashi 6 a farkon 1993 tattalin arzikin ya farfaɗo, wato farashin da suka zubar da dukiya don karewa tun farko ba nasu bane. Suwidin ma a wannan watan har kashi 500 ta kai wani kuɗin ruwanta na ɗan lokaci, eh ɗari biyar, amma a Nuwamba ta saki.

Na Tailan yafi ciwo don su ba masu kuɗi bane kamar Ingila. Sun daɗe suna riƙe da dala akan bat 25, kamfanoninsu suka ciwo bashin dala ba tsoro tunda farashi baya motsi, da aka fara kai musu hari bankin sai ya dinga ƙulla alƙawarin sayar da dala nan gaba a ɓoye, a takarda ajiya tana nan sama da dala biliyan 30 alhali an riga an jinginar da wajen biliyan 23. Ranar 2 ga Yulin 1997 suka saki, a Janairun 1998 dala ta haura bat 50, bashin kowa ya ninka, sai da suka je wajen IMF aka haɗa musu tallafin dala biliyan 17, wutar kuma ta tsallaka Indonesiya da Koriya ta Kudu.

TAMBAYA: Malam in dai matsalar ƙarewar dala ce, kenan bankin da yake so ya rage darajar kuɗinsa shi ba a taɓa kayar dashi tunda bugawa kawai zaiyi?

AMSA: Ɗan'uwa ka kamo bakin zaren, kuma a ƙa'ida haka ne, mai danne kuɗinsa harsashinsa baya ƙarewa. Amma tambayi Suwizalan. A 2011 rikicin bashin Turai yasa kowa na gudu yana ɓuya a kuɗinsu faran, har yuro ya kusa zama ɗaya da ɗaya dashi, kayansu sukayi tsada a waje masu agogo da injina da otal suna ihu. Ranar 6 ga Satumban 2011 bankinsu ya fito yace yuro bazai sauka ƙasa da faran 1.20 ba, kuma zai sayi kuɗin waje ba iyaka, wannan kalmar ta ba iyaka tayi aiki sosai, watannin farko ma basu kashe wani abun kirki ba don ba mai son karo da wanda aljihunsa baida ƙasa. Shekara uku da wata huɗu abun ya riƙe.

Sai dai duk yuron da suka saya yana taruwa ne a littafinsu, zuwa ƙarshen 2014 ajiyar ta kusa faran biliyan 500, a ƙasar da mutanenta basu fi miliyan takwas da ɗoriya ba a lokacin, gashi babban bankin Turai na shirin buɗe famfon kuɗi wanda zai ƙara karya yuro, wato zasu cigaba da tara abun da darajarsa ke zubewa. Ranar 15 ga Janairun 2015 da safe, kwana uku kacal bayan wani babban jami'insu ya tabbatar wa duniya tsarin na nan daram, sai sanarwa kawai aka gani sun janye. Cikin mintuna faran ya tashi kusan kashi 30 kafin ya ɗan dawo, masu ƙananan ciniki ta intanet suka wayi gari da bashin da yafi jarinsu, kamfanin dillanci na Alpari a Birtaniya ya durƙushe washegari. Ba wanda ya kayar dasu, su suka ga ɗawainiyar tafi amfanin. Kuma tarin ajiyar nan bai daina cizo ba, a 2022 bankin yayi asarar faran biliyan 132.

Jamhuriyar Cek tayi irin wannan daga Nuwamban 2013 zuwa Afrilun 2017 akan koruna 27 a yuro ɗaya, amma su sun dinga faɗa tun da wuri cewa abun na wucin gadi ne ga lokacin da zasu iya fita, da suka fita kasuwa bata girgiza ba. Shiga ba wuya, fitar ce ke nuna wanda ya iya.

TAMBAYA: Toh Malam ya akayi Saudiyya da Hong Kong suka shekara da shekaru farashinsu bai motsa ba, su wane asiri garesu?

AMSA: Hajiya ba asiri, sun biya kuɗin abun ne. Riyal yana kan 3.75 a dala tun 1986, dalar Hong Kong tana wajen 7.80 tun 1983, tun 2005 kuma an bata fili tsakanin 7.75 da 7.85. Cikin ukun nan da na faɗa wa ɗalibar can, su 'yancin kuɗin ruwa suka sadaukar, duk sanda Amurka ta ƙara suma sai su ƙara ko da kasuwar gida bata so, Denmak ma haka take bin bankin Turai sau da ƙafa. Hong Kong kuma duk takardar kuɗin da aka fitar akwai dalar Amurka a ajiye a madadinta, Saudiyya ga man fetur da ake biya da dala. Duk da haka an gwada su, a Agustan 1998 sai da hukumar kuɗin Hong Kong ta shiga har kasuwar hannun jari ta sayi na dalar Hong Kong biliyan 118 kafin masu harin su haƙura. Ƙasar da ke buga kuɗi don cike giɓin kasafi bazata iya wannan ba ko ta rantse.

TAMBAYA: Malam ni duk wannan dogon turancin bai gamsar dani ba. Gwamnati ba tana da iko ba? Ta yanka farashi kawai tace ga yadda za a sayar da dala, duk wanda ya saɓa a kama shi, shikenan magana ta ƙare.

AMSA: Yallaɓai a huce. Ana yin hakan, kuma wani lokacin yana riƙewa, amma ka duba su waye yake riƙe wa. Caina ta rage darajar yuwan a Agustan 2015 mutane suka tsorata suka fara fitar da kuɗi, ajiyarta ta sauko daga kusan dala tiriliyan 4 a 2014 zuwa wajen tiriliyan 3 a farkon 2017, tiriliyan guda ya tafi, kuma jinin bai tsaya ba sai da ta ƙara matse ƙofofin fita, dama can mutum ɗaya baya canza sama da dala 50,000 a shekara. Rasha a 2022 da aka riƙe mata wajen dala biliyan 300 na ajiyarta bata da abun zubawa a kasuwa, sai ta ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 9.5 zuwa 20 a rana ɗaya, ta tilasta wa masu fitar da kaya su sayar da kashi 80 na kuɗin wajen da suka samu, ta hana fita da kuɗi, rubul ya dawo har yafi yadda yake kafin yaƙin Yukiren. Amma ka lura dukkansu biyun suna sayar wa duniya fiye da abun da suke saye, dala na shigowa kullum, ƙofa kawai suka rufe akan abun da yake akwai.

In dalar ce babu, doka bata haifo ta. Abun da zai faru shine farashi ya rabu biyu, na gwamnati wanda kowa ke ji a rediyo amma sai mai uwa a gindin murhu ke samu, da na kasuwar bayan fage wanda dashi kowa ke ciniki, masu hanya su karɓa a na farko su juya su sayar a na biyu, 'yan ƙasa dake aiki a waje su daina turo kuɗi ta banki, mai fitar da kaya ya ɓoye dalarsa a waje, ƙarancin ya ƙaru. Kamun 'yan canji kuma ƙara farashin yake don yanzu har da ladan kasada za a biya. Masar ta ɗanɗana sau biyu, a 2016 farashin gwamnati na fam ɗin Masar 8.8 a dala ɗaya, a waje ana neman 18, ranar 3 ga Nuwamba ta saki. A farkon 2024 gwamnati na cewa wajen 31 a waje ya haura 60, ranar 6 ga Maris ta sake saki ya tsaya wajen 50. Na biyun yafi tsari don kafin su saki sun ƙulla cinikin dala biliyan 35 da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, a ranar kuma suka ƙara kashi 6 akan kuɗin ruwa, shi yasa farashin ya tsaya ƙasa da na bayan fage.

Turkiyya kuma ita ta gwada haɗa ukun ne ƙiri-ƙiri, a ƙarshen 2021 farashin kaya na hawa ita tana rage kuɗin ruwa daga kashi 19 zuwa 14, tana kuma sayar da dala don kare lira, lira ta rasa sama da kashi 40 na darajarta a shekarar, hauhawar farashi ta kai kashi 85 a Oktoban 2022, daga ƙarshe bayan zaɓen 2023 aka juya, kuɗin ruwa ya tashi daga 8.5 har 50 a Maris ɗin 2024.

Don haka in kaji ance banki ya zuba dala, kafin ka yanke hukunci ka nemi sanin ko kuɗin ruwan ƙasar yafi hauhawar farashinta, in bai fi ba mai ajiya a kuɗin gida asara yake kuma zai cigaba da neman dala ko nawa aka zuba. Ka duba tazarar farashin gwamnati da na waje tana raguwa ko ƙaruwa. Ajiyar kuma kar ka tsaya a babban adadin da ake sanarwa, tsohon ma'auni shine ta isa sayo kayan waje na wata uku ta kuma iya biyan bashin da wa'adinsa zai cika cikin shekara, amma ka tambaya nawa ne a ciki aro ne daga bankunan gida ko wasu ƙasashe, nawa aka riga akayi alƙawarin sayarwa nan gaba. Na Turkiyya akwai lokacin da in ka cire aron nan sai kaga lissafin ya faɗa ƙasa da sifiri, alhali adadin da ake bugawa a jarida yana nuna sama da dala biliyan 100.